Abin da Kyamarar Kamiyon Labbo Ta Gani

Zakiyya 'yar fari ce, don haka tun da aka haife ta a Djougou ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta Labbo ba. "Ke" yake ce mata, in ya ga dama "waccan". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma wallahi sanin bai hana abin ci mata rai ba. Har ya kwanta ciwo ya rasu tana jiran ko suɓul da baka ya yi, bawan Allah bai yi ba.

Da aka share makoki ta je Parakou karɓo kayansa a garejin da ya yi wa tuƙin kamiyon, babbar motar ɗaukar auduga. Iliassou, shugaban direbobi, ya miƙa mata darduma da buta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ɗiyata, zauna ki ga wani abu."

Ashe akwai 'yar kyamara saman sitiyari, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Aikinta kallon idon direba. Da ya fara gyangyaɗi sai ta yi ƙara, ta ajiye hoton.

Ya kunna mata hoton a wayarsa. Ga Labbo nan cikin wani haske toka-toka, idanunsa na ƙyalli, itatuwan hanyar Djougou na wucewa ta taga a hankali kamar a ƙarƙashin ruwa. Rana ce tsaka, barci na jan girarsa. Kansa ya sunkuya, ya zabura. Sai ya yi wani murmushi da ba ta san yana da shi ba, leɓɓansa suka fara motsi.

Ta ɗauka tasbihi ne. Ina! Ta matso har numfashinta ya dusashe gilashin. Baki ya buɗe, ya tsuke, ya sake buɗewa. Zakiyya. Ya maimaita, ya ƙara maimaitawa, har idonsa ya washe.

"Kullum haka yake korar barci," in ji Iliassou.

"Kawu, don Allah ƙara murya."

"Ai ba ta ɗaukar murya, ɗiyata. Ido ce kawai."

Tausayin kanta da nasa ya cika ta. A gilashin, Labbo ya sake buɗe baki, shi kaɗai a hanya.

Ta gyara mayafi, ta rusuna kaɗan.

"Na'am, Baba."