Sunan da Aka Sa wa Ƙififiya

Bayan sallar Juma'a a Small Heath, Taufiq akanta ya tare Malam Ashafa a wajen takalma, yana murmushi irin na wanda ya samo abin faɗa.

"Malam, barka! Na ga Batulu ta isa Mauritaniya."

Batulu matar Ashafa ce, tana kwance a maƙabarta tun bara. Taufiq ya miƙa masa waya. Taswira ce, da jan layi da ya bi gaɓar tekun Afirka ta Yamma, a ƙarshensa ga sunan. Ƙififiyar teku ce, Firdausi 'yar Ashafa ta manna mata na'ura a ƙoƙon baya bayan ta gama zuba ƙwai, don a ga inda take zuwa kiwo. Mutanen da ke ɗaure takalma suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ta fili ciwo.

Washegari Ashafa ya hau mota zuwa Manchester. A flat ɗin Firdausi na Moss Side ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa.

"Ke da bakinki bai taɓa furta sunan uwarki ba saboda kunya, yau kin rubuta shi a bayan dabba?"

"Baba, kowa a team ɗinmu ya zaɓi suna. Honour ce."

"Karramawa! A wajenmu jariri ake mayar wa sunan mamaci, a yanka rago, a yi masa alkunya. Matar yayanki Junaidu tana da ciki. In mace ta haifa, me za a ce? Takwarar kunkuru?"

"Ba kunkuru ba ce, ƙififiya ce."

"Madalla. Kuɗin karatu bai tafi a banza ba."

Firdausi ta juyo da kwamfuta gabansa. "Dubi nan. Ta bar tsibirin da ta zuba ƙwai, ta yi ta iyo har ta samu ciyawar da take so, ta zauna. Mama ta yi ta roƙonka ka kai ta bakin teku. Kullum sai ka ce ana sanyi."

"Ana sanyin kuwa. Kuma uwarki ba ta taɓa binne 'ya'yanta a yashi ta kama gabanta ba. Wannan halin na masu barin gida ne, su kira waya ranar Sallah." Ya nuna allon da yatsa. "In batirin ya ƙare fa?"

Ta ce, "Sai a rubuta an daina jin ta."

"Wato sai Taufiq ya sake yi mini ta'aziyya a wajen takalma. Goge shi."

"Baba, don Allah..."

"Goge shi, ko kada ki taka gidana ranar suna."

Ta jawo kwamfutar gabanta. Sannan ta danna, ta goge, ta sa wata lamba a gurbin. Jan layin yana nan yadda yake.

"An yi yadda kake so," in ji ta. "Kamar kullum."

Ba ta raka shi ƙofa ba. A tashar mota ya ciro wayarsa don ya tabbatar ba ta mayar da sunan ba. Ya ga taswirar cike da lambobi iri ɗaya, ya yi ta jan allon sama da ƙasa, bai gane wacce ce ba.