Shayin Kawu a Miyar Kuka

Da hantsi ne, ruwan asuba ya ɗauke amma rana ba ta fito sosai ba, layinmu na Unguwar Rogo duk taɓo. Na jingine babur a zaure. Ba zan fita kabu-kabu ba, don Kawu Abdulshakur zai zo cin abinci.

Kawu ƙanin Inna ne, yana zuwa ƙasar Sin saro kayan wuta. Tun bara yake matsa mata ta bar gidan nan ta koma wurinsa saboda idonta. Ita kuwa ta ce idonta garau, kuma a ɗakin da Baba ya bar ta za ta zauna. Ni na sha ganin tana lalubar marfin tukunya da hannu, amma ban faɗa wa kowa ba.

Dawowarsa ta wannan karon ya ba ni wani shayi in ajiye, ya ce in ya zo zai haɗa mana da kansa. Ba irin ganyen da muka sani ba ne. An danne shi ya zama 'yan dunƙule masu faɗi, baƙaƙe, guda uku, an naɗe a takarda an ɗaure da jan zare. Na kwance don in sansana, takardar ta yage. Sai na zuba su a langa na ɗora kan kantar madafa, kusa da langar daddawa, na bar zaren a gefe.

Da na shiga ɗauko su, ɗaya na tarar. Na leƙa turmi, na ga baƙin gari da 'yan itatuwa. Miyar kuka tana tafasa, ta yi duhu kamar ruwan kwata.

"Inna, wace daddawa kika sa?"

"Ta kan kanta mana. Mi ya hwaru?" Ta ja hanci, mura ta toshe ta kwana biyu. "Wagga da Wasila ta sayo mani tauri gare ta, sai da hannuna ya yi ciwo wurin daka."

Wasila maƙwabciyarmu ce. Na yi tunanin in tsallaka in roƙo miya wurinta, sai na ji sallamar Kawu a zaure.

Muka zauna kan tabarma ƙarƙashin rumfa, Inna tana bakin ɗakinta. Na kai lomar farko. Ɗaci-ɗaci, da wani ƙanshi kamar na ƙasa in an yi ruwan fari. Ban iya ɗaga kai ba. Na ga hannun Kawu ya tsaya cikin kwano, sannan ya ci gaba.

"Adda, miyar ga ta yi duhu."

"Kukar bana ce. Ci dai, kai da ka saba cin abinci da tsinke."

Ya yi dariya, ya cinye malmalarsa tas. Ya wanke hannu ya ce, "Jelani, kawo shayin ga, ka ɗora ruwa."

Na kawo guda ɗayan a tafin hannu, tsirara, babu takarda. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ina sauran?"

"Ni na dafa, Kawu. Na ba abokaina a tasha."

"Da madara da sukari, ko?"

"E."

"Kai dai ba ka da kirki, ɗan kabu-kabu."

Bai faɗe shi da faɗa ba, shi ya sa ya fi yi mani ciwo. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Ya ɓantari kaɗan ya sa a ƙaramar buta, ya zuba tafasasshen ruwa, nan take ya juye a ƙasa.

"Ɓarna ke nan kake yi," in ji Inna, da ta ji ƙarar ruwan.

"Wanka na yi mashi, Adda. Ya daɗe yana barci."

Ya sake zubawa, ya ɗan jira, ya tsiyaya mana a kofunan gilashi. Ja ne mai duhu, kamar zoɓon da ya ji wuta. Babu sukari. Na kurɓa, ya sauka a maƙogwaro ba kaifi, sai can baya wani ɗan zaƙi ya taso. Ya sake zuba ruwa kan ganyen nan, ya sake, kowane zubi da ɗanɗanonsa.

Ya ce ya je inda ake yin sa, can cikin duwatsu. Ganyen manya ne. A shanya shi a rana, a tara shi tuli a ɗaki, a yayyafa ruwa, a rufe da buhuna. Sai ya ɗauki zafi da kansa, ana juya shi lokaci-lokaci har ya yi baƙi. Sannan a turara shi a danne, a ajiye shekaru inda ba damshi ba wari. Iya daɗewarsa, iya laushinsa a baki.

Inna ta yi dariya. "Ashe daddawa ce! Haka muke yi wa kalwa. Miƙo in gani."

Kawu ya sa mata ragowar a hannu. Ta shafa gefensa da babban yatsa, ta juya shi, ta sake shafawa. Dariyar ta mutu a fuskarta. Ta kai shi kusa da ido, sannan ta ajiye kan tabarma a hankali, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Ni na ɗora shayin kusa da daddawa, amma ita ce take zaune tana jiran hukunci. Duk zuwan Kawu, daidai wannan lokacin yake cewa, "Adda, maganar ga tamu ta komawarki wurina hwa?" Yau kuma ya ci hujjarsa da bakinsa.

Ya ƙara mata shayi a kofi. Ya yi zancen taɓon layi, ya yi zancen tsadar siminti. Ya tashi ya ce bari ya ɗauraye butarsa, ya shiga madafa, ya ɗan daɗe.

"Adda, sai Juma'a. Tuwo dai za ki yi mani, nan ƙarƙashin rumfar ga."

Ta gyaɗa kai.

Na raka shi zaure. Yana sa takalmi ya ce, bai dube ni ba, "Litinin ka kai ta asibitin ido. Ka ce naka ke ƙaiƙayi, ta raka ka."

Da la'asar Inna ta zubar da sauran miyar a bayan ɗaki, ta shiga ɗora wata. Ina daga bakin ƙofa. Ta miƙa hannu kan kanta tana lalube, yatsunta suka sauka kan marfin langar daddawa. Ashe Kawu ya ɗaura jan zaren nan a mariƙinsa, ƙulli babba yadda hannu zai ji. Ta ɗan riƙe ƙullin, sannan ta buɗe, ta ɗauki ɗaya ta jefa a turmi.