Tela da Fiffiken Jirgi

"Na ce ba zan shiga ba sai an kai ni wurin jirgin," in ji Alhaji Harun. Ya dafe ƙofar tasi da hannu ɗaya, ya kafa sandarsa a kan kwalta.

Direban ya danna hon, na bayansa ma suka danna, har titin Abbasiya ya ɗauka gaba ɗaya. Ummul-Khairi ta tsaya da jakar asibiti a kafaɗa, ta rasa wanda za ta fara ba haƙuri. Shekara huɗu tana karatu a Alƙahira, ba ta taɓa shan wuya irin ta satin nan da kakanta ya zo aikin ido ba.

"Alhaji, ƙarfe uku za su ba ka gado a asibitin Mohandessin. Yanzu sha biyu ta gota."

"To ukun ta yi ne, amarya?"

Haka yake kiranta tun tana goye, kuma yau sunan haushi yake ba ta. Idonsa na dama ya daɗe da tafiya, na hagun ma dishi-dishi yake gani. Shekaranjiya likita ya yi mata bayani da Larabci a gabansa: in an bar idon, 'yan watanni ne ya rufe, in an yi aiki, ko a cece shi ko a rasa shi gaba ɗaya. Da ta juyo wajen tsohon sai ta ce masa ɗan wanki ne kawai, ba komai. Wa zai dubi ɗan shekara tamanin ya faɗa masa wannan magana? In kuma suka rasa gadon yau, likitan zai yi tafiya, sai bayan wata guda. Ga shi mutumin da ake wa fafutukar ya tsaya a titi yana rigimar jirgi.

Wannan jirgi dai ya ishi zuri'arsu. A 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Helwan, nan kudu da Alƙahira, suka sauka a Kano. Mahaifin Alhaji, Malam Muhammadu, yana saurayin tela a lokacin, kuma har ya koma ga Allah yana rantsuwa cewa an kira shi ya ɗinke fiffiken ɗaya da ya yage. Mutanen Fagge suka yi ta dariya. Jirgin sama riga ne? Suka laƙaba masa Ɗinke-Jirgi, sunan ya bi Alhaji da ya gaji sana'ar, har jikoki ba su tsira ba a makaranta. Jiya wani ɗalibi mai dogon baki ya gaya wa Alhaji akwai gidan tarihin jirage a wajen unguwar Misral Jadida. Allah ya isa tsakaninta da yaron nan!

"Minti ashirin," ta ce. "Wallahi ko daƙiƙa ba za ka ƙara ba."

Ya shige mota yana murmushi. "Yalla," ya ce wa direba, kai ka ce shi ya saya masa motar.

Sai da suka ci kusan awa guda a cunkoso. A ƙofar gidan tarihin aka haɗa su da wani mai zagayawa da baƙi, Ustaz Hussain, mutum mai gashin baki da fara'a, wanda da gani ya kwana biyu bai samu mai saurarensa ba. Da ya ji abin da ya kawo su, sai ya tafa hannu ya buɗe baki.

Ya ce waɗancan jirage samfurin wani kamfanin Ingila ne mai suna Airco. A yaƙin duniya na farko ya yi ta ƙera jiragen jefa bam. Da yaƙi ya ƙare aka rasa masu saye, sai aka sa wa wasu kujeru da rufi suna ɗaukar fasinja daga Landan zuwa Faris. Hakan bai hana kamfanin rushewa a 1920 ba. Ummul-Khairi tana fassarawa tana datse rabi, idonta na kan agogon waya.

"Tambaye shi, ina jirgin?" in ji Alhaji.

Ustaz Hussain ya ce ma'alish, a yi haƙuri, wancan samfurin ba ya cikin zagayensa, amma akwai wani mai fiffike biyu, sama da ƙasa, wanda ya zo daga baya. Mai zana wa wancan kamfani jirage ne ya buɗe nasa, kuma in aka bi salsala...

"Ke, gaya masa ba aurensa na zo nema ba da zai karanto mini dangi. Ya kai ni."

Ba ta fassara wannan ba. Wayarta ta yi ƙara: Eman ce, ma'aikaciyar asibitin, tana tambayar suna ina. Ummul-Khairi ta ce suna hanya, tana jin nauyin ƙaryar a bakinta. Ƙarfe biyu saura kwata.

Jirgin yana can ƙarshen zaure, an kewaye shi da igiya. Alhaji ya tsaya ya karkata kai, ya ƙanƙance idon hagu, ya daɗe a haka.

"Inuwa kawai nake gani," ya ce. Kafin ta ankara ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiyar.

"Mamnu', ya Hajj!" Ustaz Hussain ya tare shi, wato an hana.

"Innalillahi! Alhaji, so kake a kama mu? Wurin sojoji ne fa!"

Tsohon bai ko dube ta ba. Ya kamo hannun Ustaz Hussain, ya ɗora a bakin aljihun rigarsa inda aka yi aikin zare, sannan ya nuna ƙirjinsa ya nuna fiffiken. Bamisiren ya dubi ɗinkin, ya dubi farin da ya rufe idon tsohon. Ya waiga hagu da dama, ya ɗage igiyar.

Alhaji ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fiffiken. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, abin ya amsa kamar fatar ganga. Ya bi wani layi da farce a hankali, daga ƙulli zuwa ƙulli, a ƙarƙashin fenti.

"Yadi ne," ya ce. "Yadi ne aka ɗame a kan katako aka shafe. Ga zaren nan, ga shi ina gani. Kira mini Muktar!"

Cikin duk masu yi wa gidansu dariya, Malam Muktar kaɗai ya rage a majalisa. Ta kira shi ta bidiyo, haƙoranta a cije. Fuskarsa ta fito, ya kara wayar kusa da hanci. Alhaji ya ƙwanƙwasa masa fiffike har sau uku.

"To, na ji," in ji Malam Muktar. "Amma ai wannan na Masar ne. Na Kanon fa?"

Alhaji ya dinga zazzaga masa zagi, daga kansa har tsohon kekensa. Ummul-Khairi ta katse kiran. Haƙurinta ya ƙare ƙaf.

"Ka gani ko? Ka gani! Biyu da rabi ta yi, ga cunkoson gada a gabanmu, duk saboda mutumin da ko jirgin ka aza masa a ka ba zai yarda ba. Me zai hana mu zo bayan an yi aikin? Jirgin tashi zai yi? Wallahi Alhaji ka gajiyar da ni!"

Muryarta ta cika zauren. Ustaz Hussain ya ja da baya ya shiga gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Alhaji ya dogara sandarsa ya fito daga bayan igiyar a nutse. "Bayan aiki," ya ce. "Shekara tara na yi ina ɗinki a Jidda kafin a haifi ubanki, Larabci ba baƙona ba ne. Duk abin da likitan nan ya faɗa na ji shi. Na kuma ji abin da kika faɗa mini. Allah ya yi miki albarka."

Jakar ta zame daga kafaɗarta. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda.

Suka fito harabar, rana ta ƙwalle. Ta ɗaga hannu za ta tsayar da tasi, ya riƙo mayafinta. Wayar ta sake ƙara a tafin hannunta.

"Bar ta ta yi kukanta, za mu je," ya ce. "Juyo nan wajen haske. Tun da na zo gudu kike, ban gan ki da kyau ba."

Ta juyo. Ya kama haɓarta da yatsunsa masu kanta, ya matso da idon hagun dab da fuskarta. Tasi biyu suka wuce babu kowa a ciki, ba ta motsa ba.