Itacen da Kogi Ya Kawo wa Iya Kinu

"Fita da shi," in ji Iya Kinu daga cikin barguna. "Itacen da ban san sunansa ba ba ya shiga murhuna."

Ina tsaye a bakin ƙofar maƙwabciyar tawa rungume da faskare, dusar ƙanƙara tana narkewa cikin wuyan rigata. Shayin da na bar mata jiya ya daskare a kofi. Tana tari kamar ana yaga tsumma, amma bakin musu yana nan lafiya lau.

"Iya, itace ne fa, ba surukinki ba. Me za ki yi da asalinsa?"

"In kanya ce fa?"

Ga inda matsalar take. Ambaliyar kaka ta kwashe rumfunan itacen gidaje biyar da ke bakin kogi, har da namu da nata. A madadinsu ta zube mana gungumai daga can saman dutse, ta feƙe musu ɓawo tas, babu ganye babu reshe. Kowa ya ja rabonsa ya shanya, mu kam tuni muke dafa shinkafa da su. Iya Kinu kuwa, mai shekara tamanin da ɗaya, ita kaɗai a gida tun da ɗanta ya tafi aiki birnin Osaka, ta kafe ba za ta ƙona su ba. A garinmu da itacen kanya ake ƙona gawa, don haka mai rai ba ya jin ɗuminsa. Ni dai tuni na ajiye wannan a layin maganganun tsofaffi.

Mutanen unguwar sama sun kawo mata dami huɗu na itacen da aka san uwarsa da ubansa, ya ƙare cikin kwana goma, sannan ƙanƙara ta rufe hanya. Na ce ta dawo gidanmu, ta ce ai murhuna ma shi yake ci. Haushi ya sa na yi kwana guda ban leƙa ta ba, kuma ni ce ban iya cin abinci ba ranar.

Maigidana Genzo ya ɗaga gungume ɗaya, ya auna nauyinsa a hannu, ya shinshina, har ya lasa.

"Kuri ne," ya ce, wato wani itacen dutse mai 'ya'ya cikin ƙaya.

"Ka tabbata?"

"Ko kuma wani abin."

Auren shekara ashirin da shida, wannan ce amsarsa ga komai. Na saɓa guntun a kafaɗa na hau tudu wurin tsoho Tatsuzo kafinta, ƙanƙara har gwiwa. Ya goge shi da abin fiƙe katako, ya kai shi dab da idonsa mai yana, ya ambaci suna uku, ya soke biyu, ya ba ni labarin ginin wata gada. Da zan tafi ya ce, "Fasa shi, 'yar nan. Itace ba ya ɓoye cikinsa."

Na fasa. A gungume na uku gatari ya buɗe zuciyar itacen, sai ga baƙin zane yana bin tsawonsa kamar an zubar da tawada. Ko ni da ban san itatuwa ba na san wannan zanen, don da irinsa aka yi akwatin auren uwata. Kanya ce, tsohuwa, kuma duk tulin namu da nata daga jikinta yake.

Na tsaya da gatari a hannu ina jin tarinta ta cikin bango. Sai na zauna na tsince faskaren ɗaya bayan ɗaya, farare zalla gefe guda, masu zanen na tura su ƙarƙashin buhu.

"Tatsuzo ya duba," na ce mata. "Kuri ne."

"Makahon nan?"

"Ya fi ki gani dai."

Ta dube ni ta ƙasan ido. Na share tokar murhun tsakar ɗakin, na jera itacen, na cusa ƙaiƙayin shinkafa na hura. Wuta ta kama a hankali, ba hayaƙi sosai, ba hayaniya. Na ɗora tukunyar kunu ina ta surutu kan farashin gishiri da ciwon bayan Genzo, don kada ɗakin ya yi shiru. Sai da numfashina ya ƙare na gane ba ni take saurara ba. Ta karkata kunne wajen murhu.

"Fusae," ta kira sunana.

"Na'am, Iya."

"Shekara sittin ina ƙona kuri. Yana harbi da tartsatsi, ya ɓula mini tabarma ba adadi. Wannan mai ladabi ne."

"Ai ya sha ruwan kogi ne, shi ya sa."

"Tun kina amarya ba ki iya ƙarya ba. Kunnenki ke ja."

Kunya da haushi suka kama ni. Na fizgo awartaki zan tsame itacen in watsa shi waje, ta sha sanyinta tunda shi take so. Ta fito da hannu daga bargo ta dafa gwiwata. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Bar shi ya ci. Tun daga saman dutse ya biyo ruwa har ƙofata, ai bai yi ɓatan kai ba."

"Iya, daina irin wannan magana."

"Ke dai matso da ni. Kuma kunun nan naki ya yi ruwa, kullum sai na faɗa."

Na jawo shimfiɗarta bakin murhu. Ta miƙa tafukanta ga wutar tana juya su, ta sha kunun da ta kushe har cokali shida, ta ce in ƙara itace, in daina ɓoye masu zanen, sun fi riƙe garwashi. Kwana biyu wutar ba ta mutu ba. A safiya ta uku, ina tsakiyar yi mata faɗa kan ta ture bargo, na lura ba ta rama ba, ashe ta riga ta cika.

Genzo ya ce tarin ne, kuma sanyin makonni uku ne ya ci ƙirjinta, ba wutar kwana biyu ba. Na san haka. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina da ban yi ƙaryar tun da wuri ba, ko kuma da na yi ta sam. Duk da haka, da maza suka zo kwasar itacen da za a ƙona ta da shi a bayan gari, na nuna musu tulinmu na ce su haɗa har da namu, kada su bar ko tsinke.

"Mu kuma da me za mu dafa?" in ji Genzo.

"Ka lasa wani ka gaya mini sunansa."

Ban bi su ba, na zauna a bakin ƙofarmu da hannuwa cikin hammata. Duk rufin unguwar fari fat, ban da nata. Ƙanƙarar da ke kewaye da mafitar hayaƙi ta narke, ciyawar jinkar ta fito baƙa, ruwa yana ɗiga daga bakinta ɗaya bayan ɗaya a kan dutsen da take cire takalmi.