Kukan Ɗanyen Itace

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana hura tanderun gidan burodin nan, kuma a duk tsawonsu ba a taɓa jefa itace a wuta ba sai da yardarsa. Asali kawun mai gidan burodin ne, yayan mahaifiyarsa, amma sunan ya bi bakin kowa. Har direban da ke kai burodi kantuna, wanda ya girme shi da shekara biyu, Kawu yake ce masa.

Bayan ɗakin gashi akwai doguwar rumfar kwano, a nan mulkinsa yake. In mota ta sauke gungume, masu faskare suka gama nasu, shi ke jera itacen layi-layi a kan tsofaffin bulo don kada ya sha damshin ƙasa. Tsakanin layi da layi yakan bar ratar da iska za ta bi, wadda a faɗarsa kyanwa za ta wuce amma kare ya maƙale. Sanin ko itace ya isa shiga wuta kuwa, gwajinsa ɗaya ne. Zai zaro guda biyu daga tsakiyar layi, ya karkata kai, ya buga su da juna. Busasshe ya amsa da siririyar ƙara, ƙwal. Ɗanye kuwa sai dai ya ce dib, kamar an daki katifa.

"Ido maƙaryaci ne," in ji shi. "Itace kan tsattsage a baki, ɓawo ya zube, ka rantse ya bushe, alhali cikinsa ruwa ne fal. Kunne ne kaɗai ba a yi wa wayo."

To, kunnen nan ne ya ci amanarsa. Abin bai zo masa rana ɗaya ba. Da farko kukan tsuntsayen rumfa ya daina ji, ya ce ko sun yi ƙaura ne. Daga baya na dama ya toshe gaba ɗaya, na hagu ya rage ɗan abin da ba a rasa ba. Shekara guda da rabi ke nan yana ɓoyewa, kuma ya ƙware. Yana kallon bakin mutum ya tsinci magana, in ya ga ana dariya ya taya, in abu ya wuce shi ya haɗe fuska kamar mai tunani. Gwajin itace kuma yana nan yana yi a gaban jama'a, ya karkata kai yadda ya saba, amma a ɓoye nauyi yake aunawa a hannu, ya sunsuna, ya dubi tsagar baki. Wato ya koma dogaro da idon nan da ya yi shekaru yana ƙaryatawa. Tsoro yake ji, tsoro sosai, domin mai hura wutar da ba ya jin itace ba shi da abin da ya fi mai shara.

Ana cikin haka mai gidan, ɗan ƙanwar tasa, ya kawo wani mutum da tef ya auna bangon ɗakin gashi, wai ana tunanin tanderu mai gas. Ran Kawu ya ɓaci, ya faɗa a gaban ma'aikata cewa ranar da abin nan ya shigo ta ƙofa shi zai fita ta taga. Aka yi dariya, banda mai gidan.

Mako biyu bayan nan aikin da mai gidan ya yi wata da watanni yana bi ya faɗo. Wata makarantar kwana ta ce a kawo burodi ɗari shida na gwaji kafin yamma, in ya yi mata daɗi a ƙulla na kullum. Tun safe ake gashi, kafin rana ta take layi na biyu ya ƙare ƙaf, ga sauran gwangwani ɗari uku cike da ƙullu suna jiran wuta. Saura layi na uku, wanda makonsa bakwai kacal a rumfa, kuma makonnin duk ruwa aka yi ta tafkawa.

Mai gidan ya zo da gumi a goshi ya tsaya gabansa. "Kawu, na ukun nan ya yi? In bai yi ba in tura mota a sayo busasshe, da sauran lokaci."

Mai kwaɓi da direba suka biyo shi suka tsaya. Kawu ya zaro guda biyu. Bakinsu ya tsage, ɓawo ya saki, nauyinsu kuma tsaka-tsaki, irin wanda ba ya faɗa wa hannu komai. Ya karkata kai ya buga. Ya ji bugun a wuyan hannunsa, amma a kunne shiru. Ya sake bugawa. Da zai ce a sayo, da an sayo, ba wanda zai tambaye shi dalili. Sai dai bai taɓa yin shakka a gaban mutane ba, kuma ya ga kamar in ya yi yau za a gane.

"Ya yi," ya ce.

Ya jera itacen a cikin tanderu ya cinna. Wuta ta kama da ƙyar, ja mai duhu, tana lasar itacen tana ja da baya. Can sai itacen ya fara kuka, irin tsuwar nan da ɗanye ke yi in ruwan cikinsa ya tafasa. Mai kwaɓi ya ji ta daga ƙarshen ɗaki, ya tsayar da hannu. Direba ya ji ta daga bakin ƙofa. Duk suka zuba wa Kawu ido suna jiran ya zabura ya janye itacen, tunda ba wanda ya isa ya koya masa wuta. Shi kuwa yana tsaye taku biyu daga bakin tanderun, ya juya musu baya, yana ƙara tura wasu.

Mai gidan ya kira shi. "Kawu." Shiru. Ya ƙara ɗaga murya har sau uku. Kawu bai ko waiga ba.

Sai da hayaƙi ya turnuƙe ya sunkuya ya ga kumfa na tsattsafowa daga bakin itacen. Ya ja ƙarfen kwashe garwashi ya fara janyewa, amma aikin gama ya gama. Bangon tanderu, wanda in zafi ya kai yake komawa fari, yana nan baƙi ƙirin. Kafin a sayo busasshe a sake hurawa, ƙullun ya tashi ya wuce misali, ya zube daga gwangwani, ya koma ya kwanta yana tsami. Abin da aka gasa ya fito a daskare da warin hayaƙi. Direba ya kai makarantar, aka gutsura ɗaya, aka ce ya mayar.

A tsakar ɗakin gashi mai gidan ya tare shi, fuska da fuska, don haka babu kalmar da ta kuɓuce wa Kawu.

"Kowa ya ji itacen nan yana kuka, Kawu. Na kira ka sau uku ka yi banza da ni. In maganar gas ce, ai da ka kira ni ɗaki ka zage ni, ɗanka ne ni. Amma ka tsaya ka kashe mini aiki da gangan don in san in ba kai ba babu burodi? Na sani yanzu. Na gode."

Wannan fa shi ne yaron da Kawu ya yi ta ɗauka a kafaɗa yana nuna masa wuta daga nesa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

A gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya. Ta dube shi sau ɗaya ta ajiye kwandon, ta jawo kujera ta zauna ta hagunsa. Ya ba ta labari a gutsure, ya ɗora laifi a kan damina, a kan masu faskare, a kan yaran zamani marasa kunya. Ta bar shi ya gama.

"Malam, ka faɗa masa ba ka ji ba?"

"Ban ji me ba?"

"Haba Malam. Shekara guda da rabi ina ɗaga murya a gidan nan har maƙwabta sun ɗauka faɗa muke. Wa kake tsammani ya hana jikoki kiranka ta baya? Me ya sa kullum nake zama ta nan ɓangaren?"

Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ashe duk dabarar da yake taƙama da ita, rufa masa asiri kawai ake yi.

"In na faɗa, shi ke nan na tashi daga aiki," ya ce a hankali.

"Wataƙila. Amma nauyin kunne ciwo ne, Allah ke ɗora wa bawansa. Mugunta kuwa hali ce. Yaron nan zai kwana yana ganin kawunsa mugu ne, gobe ƙanwarka ta ji. Sai ka zaɓi wanda za a riƙa tuna ka da shi."

Washegari da hantsi ya isa gidan burodin. Ba a hura wuta ba. Ma'aikata suka gaishe shi ciki-ciki suka kau da kai. Ya wuce rumfa, ya aika mai kwaɓi ya kira masa mai gidan. Da ya zo, Kawu ya zaro guda biyu daga layi na uku ya miƙa masa, ya tono wasu biyu daga ragowar busasshen jiya ya ajiye a gefe.

"Buga waɗannan."

Mai gidan ya tsaya yana kallonsa, sannan ya buga.

"Me ka ji?"

"Dib."

"To buga waɗancan."

Ya buga. "Wannan ƙara yake yi."

"Madalla. Ka iya ke nan, ba wani sirri a ciki bayan wannan. Ni ban ji ko ɗaya ba. Jiya ma ban ji ba, ban ji kukan itace ba, ban ji kiranka ba. Kunnena ya tafi tun bara, na ɓoye maka don kada ka sallame ni. Ka tambaye ni ko ya yi, na ce ya yi alhali ban sani ba. Wannan laifina ne, ka yi hukuncin da ka ga dama. Amma ban taɓa nufinka da sharri ba."

Itacen ya zame daga hannun mai gidan. Ya durƙusa a gaban kawunsa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya fara magana. Kawu yana ganin kafaɗunsa na motsi, yana ganin ƙeyarsa, yana jin wani gunaguni can nesa ta kunnen hagu. Maganar ta yi tsawo. Ya jira, ya matso, ya karkata kai yadda yake yi wa itace, amma bai tsinci ko kalma ɗaya ba.

Ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar yaron.

"Ɗago ka kalle ni, ɗana," ya ce. "Sai na ga bakinka. In ba haka ba, ba zan san ko korata kake yi ko yafe mini kake yi ba."