Gwamna na Huɗu

"Maman Nuru! Janareto! Kawo wuta, gwamna na huɗu zai mutu!"

Ina tsakiyar ɗinkin wuyan riga aka ɗauke wuta. Kafin fankar shagona ta gama tsayawa, ihun Baba Azariya ya tsallako katanga. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a layin bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Na ja igiyar janareto sau uku ya kama, na cilla wayar ta kan katanga, na zaga da gudu ko takalmi babu.

Na tarar da shi a falo, ƙafafunsa biyu sun kumbura kamar turmi, an ɗora su a kan bokiti. Kwamfutarsa, wadda batirinta ya daɗe da lalacewa, ta yi baƙi ƙirin. Kusa da ita ɗan jirginsa maras matuƙi ne, mai hannu huɗu, kowane hannu da ƙaramin injinsa, duk an cire farfelolin. 'Yarsa Keziya na tsaye a bakin ƙofa da jakar kayansa a hannu. Daga Jos ta zo da sassafe, direba na jira a waje.

"Ya kai sittin da uku cikin ɗari," in ji Baba, yana haki. "Saura kaɗan. Sai suka ɗauke."

"To Allah ya raba gardama," Keziya ta ce. "Anti, ki yi masa magana. Likita ya ce yau za a fara wankin ƙodar nan, ba gobe ba."

"Wannan yarinya ya cika surutu."

Shi a Hausarsa kowa namiji ne, har ni. Mun saba.

Tsohon ma'aikacin sigina ne na jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya, matarsa Afiniki ta rasu, sai ya koma haɗa 'yan jirage da kayan da yake aikawa a sayo masa. Ni ce mai riƙe masa tocila idan ido ya gaza, shi ya sa na san kaɗan. Kowane inji yana da wani ɗan allo, bai fi kan babban yatsa ba, shi ke gaya masa saurin da zai juya. Baba yana kiransu gwamnoni, don wai haka suke kiran mai daidaita gudun inji a zamaninsa. Satin nan duka sabuwar manhaja yake zuba musu, saboda da tsohuwar jirgin yakan yi tari idan ya ɗauki hawa mai tsawo. Uku sun karɓa lafiya. Na huɗu aka yanke wa hanya.

Kwamfutar ta dawo. Ya danna, ya sake dannawa. Gwamna uku suka amsa sunansu. Gurbin na huɗu fayau.

"Tsohon karatu ya goge, sabo bai shiga ba," ya ce. "Ko ƙofar ba ya buɗe mini."

"Shi ke nan ya mutu. Tashi mu tafi," in ji Keziya.

"Bai mutu ba. Suma ya yi." Ya juyo gare ni. "Maman Nuru, je ka kawo allura uku. Siraran, na ɗinkin leshi."

Keziya ta dire jakar. "Baba! Rabin unguwar nan sun ce leƙen asiri kake yi da abin nan. A coci an ce Hausawa kake wa aiki, a kasuwa an ce Kirista kake wa. Mai unguwa ya aiko sau biyu. Fasto ya zo da kansa. Yanzu kuma ranka za ka ba shi?"

"Su duka biyu sun yarda da abu ɗaya a kaina. Ka taɓa ganin an yi haka a garin nan? Ya kamata su ba ni lambar yabo."

Na so in yi dariya, amma na ga leɓensa ya yi fari. Na fita na dawo da allurai.

Ya sa na yanko ɗan guntun silifas, na soke alluran uku a jiki a jere, ya naɗa wa kowace siririyar waya zuwa wani ƙaramin allo da ya jona da kwamfuta. Sannan ya ɓare rigar robar gwamna na huɗu, ya nuna mini ɗigo uku na jan ƙarfe, ko ƙwayar gero ta fi su girma.

"Ƙofar baya ke nan. Kowane allura a kan ɗigonsa. Idan na ce riƙe, ko kunama ya harbe ka kada ka motsa. Hannuna yana rawa, ba zan iya ba. Naka shekara talatin yana zura zare."

"Idan na motsa fa, Baba?"

"Sai mu yi masa jana'iza. Kai ka yi naku, ni in yi namu."

Na durƙusa, na kafa gwiwar hannu a tebur, na sauke alluran. Ya danna. Wani koren layi ya fara jan ciki a fuskar kwamfutar. Goma. Ashirin da biyu. Janaretona ya yi wani tari a waje, sai na tuna tun shekaranjiya ban ƙara masa mai ba. Arba'in. Ƙuda ya sauka a goshina ya yi ta yawo. Sittin da uku. Nan ne aka ɗauke wuta ɗazu. Gumi ya gangaro mini cikin ido, ban ƙifta ba. Sai na ji mayafi ya taɓa fuskata a hankali. Keziya ce ta goge mini.

Ɗari.

"Saki," ya ce.

Ya zare alluran, ya ɗauko batirin jirgin ya jona. Na sha jin kukan da injinan nan ke yi idan an kunna su, tit-tit-tit kamar 'yan tsaki. Wannan karon ba shi ba ne. Waƙa suka yi. Injin farko ya ɗauko da siririyar murya, na biyu da na uku suka bi, can ƙasa kuma na huɗu ya shigo da kauri, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da kaya. Ba ta fi daƙiƙa goma ba.

Keziya ta zauna a ƙasa, nan inda take.

"Waƙar Mama ce," ta ce. "Wadda take yi idan tana shanya citta."

"Shi ya ƙirƙira abinsa, ba ya cikin littafi." Baba ya share baki. "Shekara arba'in yana cewa, Azariya, sa mini bes, muryar nan mai kauri. Ni kuwa in ce ni ma'aikacin gwamnati ne, ba mawaƙin coci ba. Murya uku na zumuntar matan coci ne. Na huɗu nawa ne. Ka ce in aika masa uku?"

An binne Mama Afiniki a ƙauyensu da ke kan dutsen Kagoro, kamar yadda ta roƙa. Tun ranar da aka sauko da Baba daga wurin jana'izar, shekara shida ke nan, ƙafarsa ba ta sake iya hawan ba.

"Kagoro a kan hanyar Jos yake," ya ce wa Keziya. "Minti ashirin a gindin dutse. Daga nan ka kai ni a wanke duk abin da za a wanke."

Ta tashi ta ɗauki jakar, ta ɗauki akwatin jirgin a ɗaya hannun.

"Tsaya tukuna," ya ce. "Zare."

Na tsinko zare daga gefen zanena. Ya tashi injinan a hankali, ya sa na taɓa kowane da bakin zaren mu ga inda zai ja shi. Uku suka ja daidai. Na huɗu ya ja baya.

"Ka gani? Da mun sa farfela da ya kife a kan fuskar wani. Taurin kai, kamar mai shi." Ya gyara a kwamfuta, muka sake gwadawa, sannan ya yarda aka ciccibe shi zuwa mota.

Na rufe shago na bi su. Wajen la'asar muka tsaya a gefen wata gonar citta, dutsen ya tokare sama a gabanmu, kore shar saboda ƙarshen damina. Dickson direba ya buɗe ƙofar baya, Baba ya sako ƙafafu waje. Na ɗaura farfeloli yana duba ni, na ajiye jirgin a kan hanya. Kafin mu gama, 'yan acaɓa huɗu sun tsaya, da wani mutum mai adda a kafaɗa.

"Baba, an hana tashin irin wannan a nan," mai addar ya ce. "Mutane suna tsoro."

"Wa ya hana?"

"An dai hana."

"To je ka kira An ɗin, ya same ni a nan. Saƙo zan kai wa matata."

Ya sa tabaran da ke nuna masa abin da jirgin ke gani, ya ba Keziya ɗan allon kallo. Yatsun da ɗazu suka kasa riƙe allura suka zauna a kan sandunan tuƙi kamar an dasa su. Jirgin ya yi waƙarsa, ya yi ƙara, ya tashi. Muka bi shi da ido har ya zama ɗigo, har ya ɓace a jikin dutsen.

"Ba tari," Baba ke faɗi. "Ka ji? Ba tari. Hau, ɗan banza, hau."

Na leƙa allon ta kafaɗar Keziya. Duwatsu, ciyawa, 'yar siririyar hanya, rufin kwano biyar ko shida. Wata mata ta ɗaga kai ta saki tulu. Sai bishiyar ɗorawa, ƙarƙashinta farin gicciye, da wata akuya kwance a kan kabarin tana tuƙa.

Baba ya yi dariya har ta zame masa tari. "Dubi! Ko a can ya samu mai taya shi hira."

"Baba, batir ya yi ja," Keziya ta ce. "Juyo da shi."

"Na sani."

"Ba zai dawo ba idan ka ƙara minti ɗaya!"

"Wa ya ce maka dawowa zai yi?"

Akuyar ta zabura. Ƙasa ta matso, ta matso, hoton ya girgiza sau ɗaya ya tsaya. Gindin gicciyen ya cika allon, da rabin sunan Mama Afiniki. Baba ya kashe injinan, ya cire tabaran ya miƙo mini.

"Idan jirgi ya zauna shiru, gwamnoni suna kuka don mai shi ya gane inda ya faɗi," ya ce. "Na cire kukan, na sa waƙar. Zai yi ta yi har batir ya ƙare." Ya jingina kai, ya lumshe ido. "Dickson, Jos. Ka ga na cika alkawari."

Mai addar ya cire hularsa, bai san ma ya cire ba.

Ni a nan na rabu da su, na hau acaɓa na koma gida. Ban kai ga buɗe shago ba Keziya ta kira. Ba su kai rabin hanya ba. Ta ce yana ta bin waƙar ƙasa-ƙasa da muryar nan mai kauri, tana jin sa daga kujerar gaba, sai ta lura ta daina ji.

Ranar Asabar aka binne shi a maƙabartar cocinsu. Na je, na tsaya daga baya tare da matan layinmu, har da waɗanda suka ce ɗan leƙen asiri ne. Keziya ta bar mini kwamfutar da guntun silifas ɗin nan mai allura uku. Na ajiye shi a kan keken ɗinkina.

Talata da hantsi wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar shagona. Wani dogon mutum ya fito, rigarsa a goge, da buhu a hannu. Ban taɓa ganinsa ba, amma da gani ka san jami'in tsaro ne. Ya yi sallama, ya zazzage buhun a kan teburin yankana. Jirgin ne, da jar ƙasa a ƙafafunsa, farfela ɗaya ta karye.

"Wannan abin ya yi ta waƙa a kan kabari har mutanen ƙauye suka kasa zuwa gona," ya ce. "Mai shi an ce ya rasu. Amma an ce akwai wata tela da ta farfaɗo da abin da hannunta." Ya ciro ɗan littafi da biro. "Ke ce Zamzam, Maman Nuru?"

A cikin motar akwai wani zaune, bai sauke gilashi ba.

"Ni ce," na ce. "Zauna, Malam. Bari in gama wannan."

Na kakkaɓe jar ƙasar daga hannun jirgin na huɗu, na jawo shi kusa da kekena. Sannan na ɗaga allura wajen hasken ƙofa, na lashi bakin zare, na zura. Sau ɗaya ya shige.