Manyan Ƙwayoyin Jinin Zejnil

Zejnil, mai gasa burodi a unguwarmu da ke garin Travnik, ya shekara hamsin da takwas bai sha azumi ko ɗaya ba. Ni ne limamin masallacin da yake sallah. A watan Sha'aban zuciyarsa ta buga yana gaban tanda. Allah Ya nufa da sauran kwana. Aka sa masa ɗan bututu a jijiyar da ta toshe, aka ɗora shi kan maganin hana jini daskarewa, ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ran goma ga Ramadan da hantsi na raka shi asibiti jin sakamakon gwajin jini. Likitar, Lamija, a hannuna ta sauke Alƙur'ani.

Ta ce, "Baba Zejnil, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a jini masu haɗuwa su toshe rauni. Naka sun yi yawa, kuma manya ne. Manyan sun fi saurin mannewa; suka samu sarari, a bututun nan za su taru. Kana shan maganin a kan lokaci?"

"Ina sha mana. Duka biyun nake haɗawa da buɗa-baki, in bi da miyar kuɓewa."

"Innalillahi! Liman, ka ji abokinka? Yini guda jininsa ba mai tsaro!"

Ya ce, "Ke 'yar nan, lokacin da ake yaƙi a ƙasar nan da ruwan zafi na yi buɗa-baki. Yanzu abin da ido ba ya gani ne zai sa in sha azumi?"

Ya faɗi haka, amma ni yake kallo. Na gane ba don rakiya kaɗai ya kawo ni ba.

Na ce, "Zejnil, Wanda Ya wajabta azumin Shi ne Ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma Yana son a karɓi rangwamenSa. Ka sha, in ka warke ka rama."

"Mutane su sayi burodin buɗa-baki a hannun wanda ya ci da rana?"

"Gishirinka suke ƙorafi a kai, ba azuminka ba."

Ya yi dariya har ya dafe ƙirji. Lamija ta zuba ruwa a kofi ta miƙo mini, ni kuma na miƙa masa.

Ya tambaye ta, "To manyan za su ƙanƙance?"

"In ka bi lokaci, ko ba su ƙanƙance ba, ba za su samu wurin taruwa ba, in sha Allahu."

Ya yi bisimilla, ya haɗiye maganin safe.